Wasannin akwatin yashi na intanet: inda manyan kamfanoni ke zuba kuɗi, da abin da ke isa ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Wasan akwatin yashi wani nau'i ne na gem, na kwamfuta ko na waya, wanda ba a shata wa mai wasa hanyar da zai bi daga farko zuwa ƙarshe. Fili ake ba shi da kayan aiki, ya gina gida, ya yi noma, ya haƙo ma'adinai, ya yi fatauci, ko ya tara jama'a su kafa gari, duk yadda ya ga dama. Masu Ingilishi na ce masa sandbox, masu Faransanci kuma bac à sable, ma'ana akwatin yashin da ake ajiye wa yara su yi ta gini suna rushewa. Duk wanda ya taɓa ganin yara a bakin kogi sun kwaɓa laka suna gina rumbu da garken shanu, ko suna haɗa motar kara, ya riga ya san tushen abin. Idan aka jona irin wannan wasa da intanet, dubban mutane suka shiga fili ɗaya a lokaci guda, filin kuma ya ci gaba da rayuwa ko bayan ka kashe wayarka, to shi ne wasan da ake magana a kai a nan.

Tambayar da masu buga gem suka daɗe suna yi ita ce ko manyan kamfanoni za su zuba kuɗi a irin wannan wasa. Amsar a taƙaice: suna zubawa, kuɗi masu nauyi ma, amma sun kusa daina gina sabuwar duniya daga tushe da hannunsu. Sun fi son su sayi filin da ya riga ya cika da jama'a, su bar masu wasa su yi ginin. Wannan zaɓi ne ke yanke irin wasan da zai kai ga wayar saurayi a Mai Wurno ko Damazin a ƙasar Sudan, da irin wanda ba zai taɓa kaiwa ba.

Yadda ya bambanta da sauran gem

Wasannin intanet na taron jama'a sun kasu gida biyu. A kashi na farko kamfani ne ke tsara komai kamar fim: sarki ya aike ka, ka kashe dodo, ka karɓi lada, ka wuce mataki na gaba, kowa kuma wannan hanyar zai bi. A kashi na biyu kamfani ya fi kama da sarkin kasuwa. Shi ke da fili da doka, amma abin da za a kasa, da farashinsa, da wanda zai yi arziki da wanda zai karye, duk suna hannun ƴan kasuwa.

Misalin da aka fi kawowa shi ne EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya fitar a 2003. Kusan duk jirgin sararin samaniyar da ke cikinsa masu wasa ne suka haƙo ma'adinansa, suka ƙera, suka sayar wa juna, kuma idan aka farfasa shi a yaƙi ya tafi ke nan. Cinikin cikin wasan ya girma har a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki domin ya riƙa lura da farashi da hauhawarsa. A watan Janairun 2014 ƙungiyoyin masu wasa suka gwabza yaƙi na kusan awa 21 a wani yanki mai suna B-R5RB, aka ƙiyasta jiragen da aka rasa sun kai darajar dala 300,000. Babu marubucin kamfani da ya tsara wannan yaƙi. Kuɗin hayar yankin ne wata ƙungiya ba ta biya a kan lokaci ba, abokan gabarta suka far mata.

Tarihin da ya sa kamfanoni ɗari-ɗari

A farko manyan kamfanoni ba su guji wannan fage ba. Ultima Online, wanda ya fito a 1997 daga Origin Systems mallakar Electronic Arts, wasan akwatin yashi ne sosai. Masu shi sun tsara masa daji mai rai, inda dabbobi masu cin ciyawa ke yawaita, masu cin nama su rage su. Da aka buɗe ƙofa, masu wasa suka karkashe dabbobin da sauri fiye da yadda suke haihuwa, har aka cire tsarin gaba ɗaya. Tun a lokacin gwaji ma wani mai wasa ya kashe sarkin duniyar, Lord British, wanda mai tsara wasan, Richard Garriott, ke riƙe da shi da kansa, ana tsakiyar taro. Abin dariya ne a lokacin, amma ya nuna matsalar da har yau ba a warware ba: idan ka sakar wa jama'a mara, ba ka san abin da za su yi da ita ba.

A 2003 kamfanin Sony Online Entertainment ya fitar da Star Wars Galaxies, inda mutum zai iya zama maƙeri, likita, mai rawa ko magajin gari ba tare da ya taɓa ɗaukar makami ba. Shekara guda bayan haka Blizzard ya fitar da World of Warcraft, wanda ke cikin kashi na farko, mai shatacciyar hanya. Zuwa 2010 yana da mutum miliyan 12 masu biyan kuɗin wata. Masu kuɗi suka ga inda riba take. A ƙarshen 2005 aka sauya fasalin Galaxies domin ya yi kama da Warcraft, tsofaffin masu wasa da yawa suka yi fushi suka fice, aka rufe shi a Disambar 2011. Kusan shekara goma bayan 2004, duk babban kamfanin da ya shiga harkar Warcraft yake kwaikwayo.

Waɗanda suka sake gwada akwatin yashi ba su ji da daɗi ba. EverQuest Next, wanda aka yi ta tallarsa a matsayin duniyar da za a iya rusawa a sake ginawa, an soke shi a 2016 bai ga rana ba. Amazon, duk da tarin dukiyarsa, ya fara New World a matsayin fili na yaƙi tsakanin masu wasa, da gwaji ya nuna ƙwararru na cinye sababbin shiga sai ya rage masa kaifi. Wasan ya fito a Satumbar 2021, mutum fiye da 900,000 suka shiga a lokaci guda a dandalin Steam, cikin ƴan watanni akasarinsu suka watse, kuma a Oktobar 2025 Amazon ya sanar da daina ƙara masa sabon abu. Riot Games ya sayi kamfanin da ke gina Hytale a 2020, ya soke aikin a Yunin 2025, daga baya ya sayar wa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi tun asali.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Irin wannan wasa yakan ci shekara biyar ko fiye ana gina shi da ɗaruruwan ma'aikata kafin a sami sisi. Star Citizen, wanda jama'a ke haɗa wa kuɗi tun 2012, ya tara fiye da dala miliyan 700 kuma har yanzu bai kammalu ba. Bayan an fitar, sai kuɗin manyan kwamfutocin da ke riƙe da duniyar dare da rana, waɗanda ake kira saba, da albashin masu sa ido kan zamba da cin zarafi. Abin da ya fi duka wuya shi ne jama'a. Wasan da ke da labari ana iya buga shi ko mutum ɗaya ne, amma kasuwar da ba kowa ba kasuwa ba ce. Da zarar mutane sun fara raguwa, waɗanda suka rage ba su da wanda za su saya wa ko su yaƙa, su ma sai su tafi.

Inda kuɗin ya koma

Wasan akwatin yashi mafi girma a duniya ba daga babban kamfani ya fito ba. Wani ɗan Suwidin, Markus Persson, ya saki Minecraft a 2009 yana aiki shi kaɗai. A 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Tun daga nan salon bai sauya ba: ƙaramin kamfani ya ɗauki kasada, idan ya yi nasara babba ya zo da jakar kuɗi. Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya sayi CCP a 2018 kan dala miliyan 425. Stillfront na Suwidin ya sayi kamfanin Barlin da ya yi Albion Online a ƙarshen 2020. Tencent na Sin ne ke da Funcom, wanda ya fitar da Dune: Awakening a 2025. Rockstar, mai wasan GTA, ya yi shekaru yana hararar waɗanda suka ƙirƙiro FiveM, manhajar da ke ba mutane damar buɗe nasu garuruwa a cikin GTA su yi wasan ɗan sanda da direba da mai shago, sai ga shi a 2023 ya saye su.

Kuɗi mafi yawa kuwa sun tafi ga dandalin da masu wasa ke gina wa juna wasanni. Roblox ya fara a 2006, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021, a 2025 kuma masu shiga a kullum suka haura miliyan 100. Kusan duk abin da ke cikinsa masu amfani da shi ne suka gina. Epic Games ya bi sawu da Fortnite, wanda ya fara shahara a matsayin wasan harbi: a 2022 Sony da kamfanin iyalan da ke da LEGO suka zuba masa dala biliyan 1 kowannensu, a 2023 ya saki kayan gini ga kowa, a Fabrairun 2024 Disney ya zuba dala biliyan 1.5. Ko a nan ma ribar ba tabbas ba ce. A 2024 Roblox ya sami kuɗin shiga dala biliyan 3.6 amma ya rufe shekarar da asarar fiye da dala miliyan 900.

Mutumin Jazira ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan tsari, don kakanninsa sun yi aiki a ƙarƙashin irinsa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, gwamnati ce ke da ruwa da magudanai, kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ke gudanarwa da sayar da auduga, manomi kuma yana da hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa. Shekaru da dama ana raba kuɗin auduga kashi 40 na manoma, 40 na gwamnati, 20 na kamfani. Epic ma kashi 40 na kuɗin da Fortnite ke samarwa ya ware wa masu gina tsibirai, ana raba shi gwargwadon yadda jama'a ke zama a tsibirin kowa, sai dai tsibiran Epic ɗin kansa suna cikin masu cin wannan kaso. Roblox ya biya masu gini fiye da dala miliyan 900 a 2024, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarsa. A duka biyun mai fili ne ke sa doka, shi ke riƙe da ma'auni, kuma yana iya sauya rabon duk ranar da ya so. A Jazira akwai kuma rukuni na huɗu da ba a rubuta a rabon ba: leburorin da ke tsinkar audugar, da yawansu daga yammacin Sudan da Afirka ta Yamma, mazauna matsugunan da ake kira kanabi, waɗanda ladan yini kawai suke samu.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Hanyar aikin Hajji ce ta fara kai Hausawa da Fulani gabar kogin Nilu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ayari mafi girma ya zo bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kudu kaɗan da Sinnar. Garin da suka kafa sunansa yake ɗauke da shi har yau, da sarautarsa. Daga nan ƙauyuka suka yaɗu a gaɓar kogin zuwa Sinja, Rusairis da Damazin, ana noman rani da kamun kifi, wasu kuma suka bazu cikin gonakin Jazira da Gadarif. Karatun boko da Larabci ake yinsa, don haka matasa da yawa na jin Hausa a gida amma da Larabci suke rubutu a waya.

Shekarun nan sun yi wa yankin nauyi. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka yi hijira zuwa jihohin Sinnar da Farin Nilu. A 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, wanda ya zama mafakar mutanen Khartum, ya faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025. A Fabrairun 2024 layukan Zain, Sudani da MTN duka suka ɗauke a kusan faɗin ƙasar, wasu yankuna suka yi watanni babu sabis, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa farantin Starlink domin su yi magana da dangi ko su karɓi kuɗi ta manhajar Bankak. Tun a Oktobar 2023 UNICEF ya ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mai gudun hijira da gem. Da gaskiyarsa. Amma wayar da ake karɓar kuɗi da ita, ita ce ake buga wasa da ita, kuma yaron da makarantarsa ke rufe shekara da shekaru a kanta yake kashe yini idan ya sami caji. A Sudan, kamar a Kano da Maraɗi, PUBG Mobile da Free Fire da wasannin ƙwallon ƙafa ne suka fi yawa a wayoyin samari, domin kyauta ake sauke su kuma suna tashi a ƙaramar waya. Ta nan ne ma akwatin yashi ya shigo ba tare da an kira sunansa ba: Free Fire na da sashen Craftland, PUBG Mobile kuma ya buɗe World of Wonder a 2023, duka biyun wuraren da mai wasa ke gina filinsa ya gayyaci abokai.

Lissafin da ke barin su a baya

Kamfani ba ya ƙirga yawan masu wasa, masu biya yake ƙirgawa. Kamfanin bincike na Newzoo ya ƙiyasta kasuwar gem ta duniya da fiye da dala biliyan 180 a 2024, kusan rabi daga waya. Hasashensa ga dukan Afirka kudu da Sahara a wannan shekara ɗan abin da ya haura dala biliyan 1 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rahotannin Roblox na nuna Amurka da Kanada ke kawo fiye da rabin kuɗinsa alhali ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu shiga ba. Duk shawarar da ake yankewa, daga harshen da za a fassara zuwa garin da za a kafa saba, kan wannan lissafi take hawa.

Sudan na da tata ƙarin matsalar. Amurka ta saka mata takunkumin tattalin arziki a 1997, ba a ɗage ba sai Oktobar 2017, kuma sai a Disambar 2020 aka cire ta daga jerin ƙasashen da ake zargi da taimakon ta'addanci. Tsawon waɗannan shekaru shagunan manhaja da kamfanonin katin banki sun saba tsallake ƙasar, kuma sabon da aka yi shekara ashirin ba ya fita dare ɗaya. Ga faɗuwar kuɗi: a Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da dala daga fam 55 zuwa 375, bayan yaƙi kuma ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Minecraft na waya wajen dala 7 ne, na kwamfuta wajen dala 30. Shi ya sa mai son sayen kuɗin cikin wasa yakan bi ta dillali ne, ya tura masa fam ta Bankak, dillalin ya saya da kati ko asusun wata ƙasa ya ɗora ribarsa. Hanyar fita da kuɗi ta fi ta shiga wuya. Kafin Roblox ya biya mai gini, sai ya kai shekara 13, ya tara Robux 30,000 daga abin da ya gina, wanda ya ɗan haura dala 100, ya cike takardar haraji, sannan ya kasance yana da asusun da kamfanin biyan kuɗin ya yarda da shi. Yaro a ƙauyen Jazira zai iya gina abin da dubbai za su shiga, ya tsaya a wannan mataki na ƙarshe.

Sai nisan saba. Duk abin da ka danna sai ya je saba ya dawo kafin ka ga sakamako, kuma haske a cikin wayar intanet kimanin kilomita 200 yake ci a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ban da tsaitsayawar hanya. Intanet ɗin Sudan na fita ne ta wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Bur Sudan, ciki har da EASSy da wadda ta haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Saboda haka sabobin yankin Gulf da na Turai sun fi na Afirka ta Kudu amfani ga mutumin Sinnar. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon a Bahrain a 2019 da Cape Town a 2020. Albion Online, wanda kyauta ne tun 2019 kuma yana waya tun 2021, ya yi shekaru da saba a Amurka kaɗai kafin ya ƙara na Singafo a 2023 da na Amstadam a 2024. A nan akwatin yashi ya fi wasan harbi sauƙi. Jinkirin kwata na daƙiƙa na kashe ka a Free Fire, amma mai ɗora bulo kan bulo ko mai ciniki a kasuwar wasa da ƙyar zai lura.

Akwai kuma abin da ya shafi iyaye. Filin da kowa ke gina abin da ya so, kowa ke magana da kowa, yana da wuyar tsaro. Turkiyya ta toshe Roblox a 2024, Ƙatar da Kuwait a 2025, duka kan batun kare yara. Masu sa ido da manhajojin tace kalamai an fi gina su ne don manyan harsunan kasuwa, don haka ba abin dogaro ba ne a ce za su kama zagi ko yaudarar da aka yi da Hausa ko Larabcin Sudan.

Kuɗin maƙwabta

Mafi kusa da Sudan cikin masu zuba manyan kuɗi ita ce Saudiyya. Kamfaninta Savvy Games Group, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, ya sanar da shirin kashe dala biliyan 38 a 2022, ya sayi Scopely kan dala biliyan 4.9 a 2023, kuma a Satumbar 2025 asusun ya shiga haɗakar da ta amince ta sayi Electronic Arts kan dala biliyan 55. Abin da aka saya wasannin waya ne masu kawo kuɗi kullum, da gasar gem, da ƙwallon ƙafa, wato dai salon da aka gani a sama na sayen abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Amfanin da zai iya gangarowa Sudan shi ne ƙarin saba a yankin da ƙarin fassara zuwa Larabci.

A Afirka jarin bai kai ko kusa ba. Carry1st na Cape Town ya tara dala miliyan 27 a 2023, Sony ya saka masa hannu a 2024, kuma babban ƙarfinsa shi ne shagon da ke ba mutane damar biyan kuɗin wasa da hanyoyin biya na gida. Maliyo Games na Legas ya yi wasa tare da Disney a 2024, Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016. Duk wasanni ne ƙanana ko matsakaita, babu mai ƙarfin riƙe duniyar dubban mutane dare da rana.

Abin da ke aiki ba tare da jiran kowa ba

Minecraft na waya na ba wayoyi da yawa damar shiga duniya ɗaya idan suna kan Wi-Fi ɗaya, ko da wayar ɗaya daga cikinsu ce ta raba shi. Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin 2024, wani ɗan Finlan ne, Perttu Ahola, ya fara shi a 2010. Kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi ya sauya, yana tashi a Android da tsohuwar kwamfuta, kuma makaranta ko ƙungiyar matasa na iya kafa sabarta a kwamfuta ɗaya da ke kan batirin sola ba tare da biyan kowa ba.

An kuma yi amfani da irin wannan wasa a aikin da ba wasa ba. A 2012 Mojang da hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara shirin Block by Block a unguwar Kibera ta Nairobi. Ana zana fili na gaske a cikin Minecraft, a kira mazauna unguwa, har da mata da yaran da ba a saba jin ta bakinsu a taro ba, su gina yadda suke son filin ya kasance, sannan injiniyoyi su ɗauki zanen su yi aiki da shi. Ga garuruwan da za a sake gina kasuwanninsu da makarantunsu bayan yaƙi, wannan ya fi duk wani alkawarin Disney kusa da ƙasa.

Batun harshe ma ba sai an jira kamfani ba. Magana da murya ba ta buƙatar fassara, don haka saurayin Mai Wurno da na Zariya da na Damagaram na iya haɗuwa a fili ɗaya su yi Hausa, ko da ɗaya da haruffan Larabci ya saba, ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Faransanci. Rubutun cikin wasa kuwa, a Minecraft na kwamfuta ƴan sa-kai ne ke fassara shi ta dandalin Crowdin, ta haka Yarabanci da Ibo da Somaliyanci suka shiga jerin harsunansa. Luanti ma ƴan sa-kai ke fassara shi, ta dandalin Weblate.